Wanda Aka Ɗauke Wa Alƙalami, Wa Zai Miƙa Masa Asuwaki?

'Yan'uwa, kowace Juma'a muna shigowa masallaci da asuwaki a aljihu, domin mun san yadda Manzon Allah (SAW) ya kwaɗaitar a kansa. To, ɗan'uwanmu mai taɓin hankali fa, wanda ke ɗakin baya ko yake zaune bakin titin Kaduna, yaushe rabon da wani ya duba bakinsa?

Malamai sun karantar da mu cewa an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe. Gaskiya ne. Amma hisabi aka sauke masa, zafin ciwo yana nan. Haƙorinsa na zogi kamar namu. Nauyin da ya sauka daga kansa, kan wa ya koma?

Da yawa daga magungunan wannan ciwo, irin waɗanda ake rubutawa a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, suna busar da yawu, alhali yawu ke wanke baki. Sai ƙishi ya sa mutum yawan shan lemo da shayi mai sukari, haƙori ya yi kogo, dasashi ya kumbura. Wani ba ya iya cewa haƙori ke damunsa. Sai ya ƙi abinci, ya hana gida barci, mu ce ciwon ne ya tashi, har a ɗaure shi. Ashe haƙori ne.

Wani zai ce, "Malam, kuɗin magani ma da ƙyar, ina zancen haƙori?" Ba mu raina wannan uzuri ba. Amma buroshi da man goge baki ba sa karya jari.

Yawancinmu fatauci ya kawo mu Sabon Wuse, dangi na can Kano, Katsina ko Sakkwato. A nan jama'ar masallaci su ne dangi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ta amince da haƙƙin waɗannan bayin Allah, sai dai doka ba ta goge wa kowa baki.

Mu taimaka masa ya goge safe da dare, cikin lallashi. Mu ajiye masa ruwa kusa. Kada a dakatar da magani saboda bushewar baki, a dai gaya wa likita. In kumatu ya kumbura, wanda ya yarda da shi ya raka shi wurin likitan haƙori. In iyalinsa sun gaza, nauyin namu ne gaba ɗaya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu sauke amana.