Wa Ke Da Ikon Cewa "Ya Isa Haka"?

Makon jiya, bayan sallar isha, gardama ta kaure a majalisarmu ta nan Sabo kan hotunan da wani ɗanmu mai karatu a Jamus ya aiko wa mahaifinsa. Yaron ya yi wata huɗu yana fama da ciwon baya, har salla a zaune yake yi. Da sauƙi ya fara samuwa, sai ya ɗaura jaka a keke ya zagaya tafkin Kwanstans, wanda Jamusawa ke kira Bodensee, tafiyar kusan kilomita 260 da ta ratsa Jamus da Ostiriya da Suwizalan. Dattawa suka ce ganganci ne, wanda Allah ya ba sauƙi ai godiya zai yi ya zauna. Samari kuwa suka ce jarumta ce.

A ganinmu kowane ɓangare ya yi gaggawar yanke hukunci. Likitoci sun daɗe da daina ce wa mai ciwon baya irin na yau da kullum ya yi ta kwanciya, domin doguwar kwanciya tana raunana naman da ke riƙe da ƙashin baya, motsi daidai gwargwado kuma yana taimakawa. Sai fa idan ƙafa ta fara mutuwa ko fitsari ya ƙi riƙuwa, wannan kam na asibiti ne nan take. Ke nan fitar da yaron ya yi ba laifi ba ce, tunda da izinin likitansa ya fita.

To, jarumtar fa? Da muka tambayi mahaifin yadda tafiyar ta kasance, sai muka ji yaron bai wuce kilomita 30 a rana ba. Ya ɗaga kan keken don kada ya riƙa duƙawa. Ya zaɓi bakin tafki ne saboda yawancin hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, ga jirgin ƙasa da na ruwa masu ɗaukar keke idan jiki ya ƙi. A garin Lindau bayan ya motsa masa, ya sauka ya kwana biyu bai hau ba. Kun ga abin yabon a nan shi ne saukar. Jiki magayi ne, kuma amana ne. Mai haƙuri shi ne wanda ya saurare shi, ya tafi inda aka ce tafi, ya tsaya inda aka ce tsaya.

Nan ne maganar ta dawo gida. Yaron ya iya tsayawa ne don babu mai jiran cefane daga hannunsa. Ɗan dakonmu na kasuwar Bodija fa, wanda bayansa ya riƙe jiya, yau kuma ga buhun shinkafa mai kilo 50 a kansa? Mai tura baro da mai ruwa da ɗan acaba fa? Su ma suna jin abin da jiki ke faɗa musu, amma kuɗin haya da bakin yara sun fi shi ƙarfin murya. Sai a haɗiyi ƙwaya a koma, mu kuma mu ce wane akwai juriya.

Idan har jiki amana ne, to riƙon ta ba a kan mai ciwo kaɗai yake ba. Uban ɗakin da yaronsa ya tashi daga jinya zai iya sa shi tsaron kaya ko lissafi na mako biyu kafin ya koma ɗauka. Ƙungiyoyinmu na kasuwa da ke tara kuɗin biki da na suna za su iya ware na jinya. Sannu sannu ba ta hana zuwa, amma sai wanda aka ɗauke wa cefanen yau ne zai iya tafiya sannu. Ranar Juma'a mai zuwa, in Allah ya kai mu, mu kai wannan magana gaban Sarki.