Tsohuwar Kwamfuta, Sabon Furosesa: Daga Ina Almubazzaranci Yake Farawa?

Idan aka gama bugun shinkafar rani a fadamun Kalgo, kuɗi kan ɗan kwana a aljihun samari, kowa kuma da inda nasa ke nufa. Wani babur, wani kayan lefe, wani sabuwar waya. A cikinsu ba a rasa wanda hankalinsa ke kan wani baƙin akwati da ke kusurwar ɗaki: kwamfutar tebur ƙirar Dell OptiPlex 7010, wadda aka fitar a 2012. Irinta sun gama aikin ofis a Turai ko Amurka, sun sauka a tashar jiragen ruwan Legas, sun bi ta Computer Village da ke Ikeja ko kasuwannin Kano, sun iso Birnin Kebbi, daga nan a ɗaure ɗaya a bayan babur sai Wurogauri. Wajen rubutu da buga takarda ba ta da laifi. Amma da an kunna mata ƙwallon eFootball ko GTA V, sai 'yan wasan su kama ɗingishi, hoto yana tsayawa yana tafiya.

Mai gyara a birni maganarsa ɗaya ce: "Sa mata furosesa i7, an wuce wurin." Baffan yaron a gida shi ma tasa ɗaya ce: "Kuɗin gumi za ka zuba wa wasa, ɗana? Wannan ai almubazzaranci ne." Dukkansu biyu sun yanke hukunci tun ba a buɗe akwatin ba.

Kalmar da baffa ya yi amfani da ita tana da tarihi. Almubazzaranci daga Larabci ya fito, daga tushen tabziri, kuma malamai sun daɗe suna bambanta shi da ɗan'uwansa israfi. Malam Mawardi, alƙalin Bagadaza da ya rasu a 1058, a littafinsa Adabud Dunya wad Din ya mayar da su duka biyu ga rashin sani. Mai israfi ya san inda ya kamata ya kashe kuɗi, gwargwadon ne ya ɓace masa. Mai tabziri kuwa wurin ne ma bai sani ba. Manomi zai fahimci bambancin nan take: wani ya zuba buhu uku na taki a fangalin da buhu ɗaya ya isa, wani kuma ya kwashi takin ya watsa a kan hanyar shanu. Duka sun yi asara, amma na biyun ya fi nisa da hankali.

Idan haka ne, ba a iya cewa sayen furosesa ɓarna ne ko tattali sai an san abin da ke damun na'urar. Tambayar fiƙihu ta koma tambayar makaniki.

A cikin wasa aiki biyu ake yi lokaci guda. Furosesa shi ke lissafin inda ƙwallo za ta faɗa da abin da kowane ɗan wasa zai yi. Katin hoto kuma shi ke zana abin da ido zai gani, hoto 30 ko 60 a kowace daƙiƙa. Kwamfutocin ofis galibi ba sa zuwa da katin hoto na daban, domin akawu ba ya buƙatarsa. Suna dogara ne da ɗan ƙaramin mai zanen da ke cikin furosesa, kamar Intel HD 2500 da ke cikin i5-3470. A nan ɗingishin yake. Wanda ya cire i5-3470 ya sa i7-3770 ya fita daga cibiyoyin aiki huɗu ya koma cibiyoyin aiki huɗu, daga gudun gigahaz 3.2 zuwa 3.4. Gaskiya i7 yana iya riƙe layukan aiki takwas, kuma mai zanensa ya ɗan fi ƙarfi, amma wasan zamani zai ci gaba da ɗingishinsa. Da kuɗin nan ya tafi ga kati irin GTX 1050 Ti na 2016 ko GTX 1650 na 2019, da bambancin ya fito kamar rana. Haka ma ƙara ram daga giga 4 zuwa 8 ko 16, ko maye gurbin tsohon faifan ajiya mai juyawa da SSD. Wannan shi ne tabziri a zahiri: kuɗi na halal, kaya mai kyau, amma an zuba shi inda ciwon ba ya nan.

Sai dai a ɗakin maƙwabci labari yana iya canzawa. Idan tasa na'urar i3-3220 ce a ciki, mai cibiyoyin aiki biyu kacal, kuma ya riga ya sa katin hoto, to furosesan ne ke riƙe da ƙafar wasan, komawa i5 kuwa gyara ne a muhallinsa. Kaya ɗaya, kasuwa ɗaya, farashi ɗaya, amma a wurin wannan ɓarna ne, a wurin wancan hikima.

Israfi ma yana da nasa misalin. Akwai i7-3770K, wanda yakan fi tsada saboda an bar shi a buɗe don mai shi ya ƙara masa gudu. Allon OptiPlex ba ya ba da wannan dama, kamfanin ya kulle ƙofar tun daga masana'anta. Mai sayen harafin K ya biya kuɗin doki, ya ɗaure shi a turken da ba a kwancewa.

Daga nan sai maganar iyaka, wadda ta fi komai kama da darasin zaure. Kowane furosesa da gurbin da yake zama a kan babban allo. Na 7010 ana kiransa LGA1155, kuma ba ya karɓar abin da ya wuce zubi na uku na Intel. Zubi na huɗu, irin i7-4790 da ake samu a OptiPlex 9020 ko HP EliteDesk 800 G1, gurbinsa LGA1150 ne. A lissafi allurai biyar ne tsakaninsu, amma ko da guduma ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya. Akwatin wutar ƙaramar 7010 wat 240 yake bayarwa, shi ya sa sai katin da bai wuce wat 75 ba, kuma gajere wanda murfi zai rufu a kansa. Wasu sababbin wasanni suna neman umarnin AVX2, wanda sai a zubi na huɗu ya fara zuwa a 2013, don haka ko an sa furosesa mafi ƙarfi na wannan gurbi ba za su tashi ba. Windows 11 a hukumance daga zubi na takwas yake farawa, Microsoft kuma ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Ba kowane gida aka gina haka ba: gurbin AM4 na kamfanin AMD, wanda ya fito a 2016, ya yi shekaru yana karɓar sababbin furosesa har zuwa Ryzen 5000. Amma kwamfutar ofis an ƙera ta ne ta yi aikinta a sauya ta, ba ta girma tare da mai ita ba.

Ana yawan ɗaukar wadar zuci a matsayin haƙurin wanda ya rasa. A gaban wannan akwati tana da wata fuska: sanin inda rufi yake, a tsaya kafin a buga kai. Wanda ya san na'urarsa iyakarta wasannin shekarun baya zai kashe abin da zai kai ta can, ya more. Wanda bai sani ba zai yi ta bin ta da kuɗi kaɗan-kaɗan, har jimillar ta wuce farashin wata na'urar da ta fi ta, ga shi kuma ɗingishin na nan.

To amma baffa bai faɗi ƙasa ba tukuna. Damuwarsa tun farko wasan ne, kuma yana da madogara. A zaurukan ƙasar Gwandu, bayan Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ɗalibi yakan kai ga Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, kuma a cikinta an hana wasan nardu da shaɗaranji. Imamu Malik ya tsananta a kan shaɗaranji. Mazhabar Shafi'i ta sassauta, ta ɗauke shi makaruhi muddin babu caca kuma bai hana salla ba. A ɗaya gefen, ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha ta kalli Habashawa suna wasan māsu a masallaci da yardar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ƙasar da ta san dara a gindin bishiya, da langa, da kokawa, da sun Argungu, ba baƙuwar wannan muhawara ba ce. Abin da malamai ke dubawa a kowane wasa kusan iri ɗaya ne: akwai caca a ciki? Yana cinye lokacin farilla? Abin da ake gani da ji a cikinsa ya dace?

Tambayar farko ta fi kusa da gida fiye da yadda samari ke zato. Al'adar "wanda aka ci shi ke biya" a gidajen gem, malamai da yawa suna sa ta a babin caca, domin kowane ɗaya ya shiga ne tsakanin ya yi wasa kyauta ko ya biya na mutum biyu. Akwai kuma ƙunshin 'yan wasa da ake saya a cikin wasu wasannin ƙwallo ba a san wanda zai fito ba. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam, ƙasar da muka laƙaba wa kayan hannu sunanta, ta yanke cewa irin waɗannan akwatunan sa'a caca ne. Abin da fiƙihu ya kira garari, wata hukuma a Turai ta gano shi da nata ma'aunin.

Ayoyin Suratul Isra'i na 26 da 27, waɗanda suka yi hani ga tabziri, sun fara ne da umarnin a ba ɗan'uwa da miskini da matafiyi haƙƙinsu. Jerin yana da ma'ana: kafin a auna abin da aka saya, ana duba wanda aka tsallake. Kuma kuɗin wasa ba ya ƙarewa ranar saye. Furosesa mai wat 77, da kati mai wat 75, da allon kallo da sauran tarkace, suna iya kusantar wat 200 idan wasa ya yi zafi. Inda wutar NEPA ba ta zama, wannan nauyi kan janareta ko batirin sola yake sauka. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da za a zuba wa janareta da dare ita ce wadda injin ban-ruwa ke jira da safe. Malam Abdullahi na Gwandu, wanda ya rasu a 1829, ya taɓa barin rundunar jihadi ya nufi gabas saboda yadda ya ga son duniya ya shiga zukatan mutane, har Kanawa suka tsayar da shi ya rubuta musu Liya'ul Hukkam. Jikokin almajiransa ba za su rasa gane cewa haƙƙi yana gaba da sha'awa ba.

Duk da haka, barin na'ura ta mutu a kusurwa shi ma ba tsoron Allah ba ne. Hadisi ya hana tozarta dukiya, kuma duniya tana yin haka da yawa: rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce an zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, kuma abin da aka tattara aka sake sarrafawa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Saurayin da ya ƙara wa akwatin 2012 wasu shekaru ya rage wannan tudu. Na'urar da ta iya ɗaukar wasa za ta ɗauki gyaran bidiyon biki, da zanen katin ɗaurin aure, da gwajin jarrabawar JAMB da ƙannensa za su rubuta a kan kwamfuta. Ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na dindindin yana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Yaro da ya saba da linzami da madannai tun a gida ba zai shiga can a baƙo ba.

Shi ma cinikin yana da nasa hukuncin. Furosesan hannu ba a gane lafiyarsa da ido, kuma a fiƙihun Malikiyya wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, mai saye kuma yana da zaɓin mayarwa idan ɓoyayyen aibi ya fito. Mafi sauƙi a gwada a shagon, a gaban juna. Wajen sawa kuwa, alluran suna kan allo ne ba kan furosesa ba, guda ɗaya ta lanƙwashe tana iya kashe na'urar gaba ɗaya. Sai a goge tsohon man sanyaya a sa sabo, a hure ƙurar hunturu daga fanka, domin a watan Afrilu zafin Kebbi yakan haura digiri 40, kuma furosesa da ya ji zafi da kansa yake rage gudu. Sau da yawa wannan shara da ɗigon mai kaɗai suke dawo wa na'ura da ƙarfinta.

Kafin ya hau babur zuwa Birnin Kebbi, akwai abin da saurayin Wurogauri zai iya yi cikin minti biyar ba tare da kashe ko kwabo ba. Ya kunna wasan, ya buɗe Task Manager, ya duba wanne ne ya cika ɗari bisa ɗari: furosesa, ram ko faifan ajiya; idan babu ko ɗaya, to zargi ya koma kan mai zanen hoto. Wannan zai amsa wa mai gyara. Sauran tambayoyin suna zaure wurin baffa: an biya bashin taki? An ware na man injin ban-ruwa? Kuma idan ladan ya kira Isha'i ana minti na 70 da wasa, wa zai danna tsayawa?