Ƙarfen Bayan A-kori-kura: Ina Iyakar Ƙaddara, Ina Farkon Sakaci?

A hanyar da ta tashi daga Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi, musamman ranar Alhamis da kasuwa ke ci, da wadda ta ratsa Zurmi ta nufi Jibiya, da wuya a ga a-kori-kura ɗaya da ta zauna yadda kamfani ya ƙera ta. Ko tsohuwar Peugeot ce irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, ko Hilux, sai ka tarar mai walda ya taɓa ta. An ɗaga bodi da ƙarafa don buhuna su hau sama, an ƙara sufirin don kada ta zauna ƙasa, gilashin baya kuwa sau da yawa an cire shi an liƙa falankin ƙarfe ko raga, domin kaya sun sha fasa shi. Duk wannan aiki dabara ce, kuma an biya kuɗi an yi ta. Abin lura shi ne kusan dukkanta domin lodi aka yi. Ƙarfen da zai tsare ran direba da na zaune kusa da shi idan mota ta ƙwace ta kife, ba kasafai ake neman sa ba.

Irin wannan ƙarfe sananne ne a wajen masu tseren motoci da masu aikin ma'adinai a ƙasashen waje. Bututu ne mai kauri da ake lanƙwasawa ya bi siffar kan mota, a kafa ƙafafunsa a kan shasi, a tokare shi da wasu ƙarafa biyu da ke gangarawa baya. Idan an dasa shi daga cikin kan motar, dole waɗannan matokara su sami hanyar fita, shi ya sa ake cire gilashin baya a sa roba mai tauri da aka huda mata ƙofofi, a toshe gefensu saboda ƙura da ruwan sama. Amfaninsa guda ne: in mota ta juya ƙafa sama, rufin ba zai murƙushe kan mutane ba. Da zarar an kawo wannan zance a tasha, amsar da ake ji ita ce kwana in ya ƙare ƙarfe ba ya tsare shi. Maganar gaskiya ce, kuma babu Musulmin da zai musa ta. Abin tambaya shi ne ko ta isa ta zama hujjar barin aikin.

Ba ta isa ba, kuma tarihin waɗanda suka fi kowa imani da ƙaddara ne ya nuna haka. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sa sulke biyu ranar Uhudu. Da zai yi hijira ya ɗauki ɗan jagora, ya ɓuya kwana uku a kogon Sauru, ya kauce wa hanyar da aka saba bi. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, kuma da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddarar take. Babu ɗayansu da ya ɗauka sulke ko kogo zai ƙara masa kwana. Sun fahimci cewa ajali ɓoyayye ne, ba a ɗora wa bawa saninsa ba, amma an ɗora masa yin abin da ke hannunsa. Mai mota ma ya san wannan sarai a fannin arziki. Ya yarda rabonsa rubutacce ne, duk da haka bai zauna gida ba, ya je gareji ya ƙara sufirin don ya ɗauki buhu goma fiye da da. Wanda ya riƙi sababi wajen neman kuɗi, ya sake shi wajen tsaron rai, ya juya tsarin da malamai irin su Gazali da Shaɗibi suka bayyana, inda kiyaye rai ya gabaci kiyaye dukiya.

Hujjar da ta fi ƙarfi a ganina tana cikin hukuncin kisan kuskure. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya da kaffara a kan wanda ya kashe mumini ba da niyya ba. Mamacin ajalinsa ne ya zo, babu shakka, amma hakan bai sauke nauyi daga wanda ya zama sanadi ba. Da ƙaddara tana wanke mutum, da wannan hukunci bai sami wurin zama ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Ƙaura da Zurmi, ta ɗora lamuni a kan mahayin dabba da mai jan ta da mai kora ta idan ta tattake wani abu, ta kuma ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka damƙa musu. Mazhabar da ta kama mai jaki da alhakin abin da jakinsa ya taka ba za ta saki wanda ya ɗora wa mota abin da ya fi ƙarfin birkinta ba. Jihar da Ƙaura da Zurmi suke ciki, wadda ta fara dawo da shari'a a shekarar 2000, ita ta fi cancanta ta tuna da wannan babi.

Akwai uzurin da ya fi na farko nauyi, kuma bai kamata a raina shi ba. Mutanen wannan yanki suna cikin wani hali. 'Yan bindiga sun mai da hanyoyi abin tsoro, har a 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako ta katse layukan waya. Motoci sun yi ƙaranci, ana tafiya cikin ƙurarren lokaci, direba yana taka mota domin ya wuce daji kafin yamma, manomin da bai sami kujera ba kuma dole ya hau saman buhu ko ya kwana a tasha. Lalura tana sassauta hukunci, amma gwargwadonta. Tana iya zama uzurin fasinjan da ba shi da zaɓi. Ba ta zama uzurin mai motar da yake da kuɗin ɗaga bodi ya ce ba shi da na tokare rufi ko na sauya sudaddiyar taya. Hasali ma, inda gudu ya zama dole, a nan buƙatar kariya ta ninka.

Wani zai ce ƙarfen kansa yana iya zama bala'i, kuma ya yi gaskiya. Fayif ɗin ruwa marar kauri da aka ɗiga wa walda a kan falankin bodi zai karye a karon farko, ya zama mashi a cikin mota. Yanke ginshiƙin da ke gefen gilashi don a faɗaɗa ƙofa yana raunana rufin da ake son ƙarfafawa. Kan da ba a ɗaure gangar jikinsa da bel ba zai iya buguwa da bututun da aka sa domin tsaronsa. Sannan babu ƙarfen da zai ceci mutum ashirin da ke zaune a buɗaɗɗen baya. Sai dai duk wannan yana ƙara wa mai walda nauyin amana ne. Mai motar ba ya iya bambance waldar da ta ratsa ƙarfe da wadda ta kwanta a kansa aka shafe ta da fenti, wanda ya riƙe wutar shi ya sani. Idan ya karɓi kuɗin kariya ya ba da ado, algus ya yi, kuma algus ne da ake biya da jini.

Garin Ƙaura da ke da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya tun 1983 bai rasa waɗanda za su koya wa masu walda kaurin bututun da ya dace da inda ake kafa shi ba. Shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Ƙaura, Shinkafi da Zurmi suna da ikon hana motar da lodinta ya wuce kima fita, tunda su ke ba da layi. Malamanmu kuwa, da suke tunatar da mu haƙuri da ƙaddara a zaman makoki bayan hatsari, muna roƙonsu su riƙa karanta wa masu motoci da masu gareji babin lamuni da diyya a huɗubar Juma'a, tun motar ba ta bar tasha ba.