Ko Falsafa Tana Cika Rumbu?

A hutun da ya wuce na je gida Shanono. Wata rana da la'asar ina zaune a ƙofar gida da littafi a hannu, sai ga baffana ya dawo daga gona, fartanya a kafaɗa. Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, wannan kuma karatun mene ne?" Na ce, "Baffa, falsafa ce." Ya ce, "To, tana cika rumbu?" Ya shige gida ya bar ni baki buɗe. Tun ran nan nake juya tambayar, na ga ya kamata in kawo ta gabanku, 'yan'uwana ɗalibai da malamaina.

Da farko dai, mece ce falsafa? A taƙaice ita ce mutum ya saba wa kansa da tambayar "don me?", ya auna hujja kafin ya yanke hukunci, ya kuma binciki ma'anar kalmomin da muke rayuwa a kansu, irin su adalci, da gaskiya, da haƙƙi, da kirki.

Waɗansu kan ce ai wannan kayan Turawa ne, ko kuwa hanyar ɓata ce. To, mu duba tarihinmu. Duk yaron da ya yi makarantar zaure ya san Ahalari. Mawallafinsa, Abdurrahman al-Akhdari, shi ne kuma ya tsara Sullam, littafin mantiki, watau ilmin daidaita tunani. Shaihu al-Maghili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), ya kare mantiki sa'ad da Imam Suyuɗi ya soke shi. A ƙasar Sakkwato kuwa an yi Abdulƙadir ɗan Tafa (1804-1864), jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Hadiza, wanda ya yi rubuce-rubuce a kan falsafa. Ko Imam Gazali, da ya ƙaryata masana falsafa a kan waɗansu mas'aloli, da hujja ya kayar da su, ya kuma wallafa littafi a kan mantiki. Ashe ke nan abin gado ne muka yar, ba baƙo ba ne.

Yanzu mu koma ga rumbun baffa. Ƙasarmu ta Shanono gona ce manne da gona, gado kuma sai ƙara tsinka ta yake yi. A da, in an yi girbi, makiyayi kan shigo da shanunsa su ci kara, su bar wa manomi taki, kowa ya amfana. Yau kara da harawa sun zama kuɗi, burtali ya ƙuntata. To, wa ke da gaskiya? Manomin da ya yi gumi, ko makiyayin da ya gaji hanyar daga kakanninsa? Malamin gona zai iya gaya mana buhu nawa gona za ta bayar, amma awonsa ba zai gaya mana mene ne adalci ba. Wannan tambaya ce ta falsafa, kuma in ba a zauna an warware ta da hankali ba, sanda da adda ne za su amsa ta.

Ga wani misali mai zafi. A shekarar 2025 'yan bindiga sun riƙa tsallakowa daga iyakar Jihar Katsina suna kai hari ƙauyukanmu, irin su Faruruwa. Wanda aka kore wa shanu ko aka ɗauke wa ɗan'uwa, ba mai ganin laifinsa in ransa ya ɓaci. Amma a irin wannan lokaci ne jita-jita kan yi ƙafa, a yi wa al'umma guda kuɗin goro saboda laifin waɗansu daga cikinta. Darasin farko na mantiki kuwa shi ne, ba a ɗaukar hukuncin "waɗansu" a ɗora wa "duka". Wannan ƙa'ida ƙarama ce a takarda, amma tana iya tsirar da ran maƙwabcin da bai ji ba bai gani ba, wanda wataƙila shi ma an sace nasa garken.

A nan ne nauyi ya hau kan jami'a. In ta yaye likita da injiniya da alƙali waɗanda suka haddace darasi amma ba su iya bambance hujja da hayaniya ba, to, ta ba su takarda ne kurum. Shawarata ita ce, kowane ɗalibi, ko mene ne fanninsa, a koya masa mantiki da ilmin ɗabi'a sosai, ba don cin jarrabawa kaɗai ba, a kuma kawo misalai daga gonakinmu da kasuwanninmu, da harshenmu na Hausa. Mu ma 'yan wannan ƙungiya sai mu tashi mu fassara waɗannan littattafai, don amfaninsu ya kai ƙauye.

Daga ƙarshe, in na koma gida zan ce wa baffa: falsafa ba ta zuba ko zangarniya ɗaya a rumbu, amma ita ke taimaka wa mutane su zauna lafiya har su ci abin da ke cikinsa. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.