Haƙurin Ɗan Caca, Shi Ma Haƙuri Ne?

Kwanan baya mahaifiyar wani ɗalibina ta tsayar da ni bayan an tashi Islamiyya. Wai maigidanta ya ce kartarsa ba irin ta sauran ba ce: yana da natsuwa, in an cinye shi ba ya fushi, kuma ya san lokacin tashi. Ta ce, "Malama, to ai waɗannan halayen kirki ne, ko?" Alhali kuɗin albasar da suka ware wa makarantar yara tuni sun tafi.

Tambayarta ba ta wasa ba ce. Halayen da masu gidajen caca ke yabo ke nan a ko'ina: haƙuri, kamun kai, sanyin zuciya. Mu ma su muke koya wa yara. To ina bambancin?

Ki dubi masuncin Yauri ko na Wara a Ngaski. Tun da aka gama dam ɗin Kainji a 1968 tafkin nan ke ciyar da gidaje. Shi ma yakan jefa koma bai san abin da za ta ɗauko ba, wata rana giwan ruwa, wata rana ciyawa. Amma in ya samu, ba wanda ya yi asara. Garin ma ya ƙaru da abinci. Ɗan caca kuwa ba ya dariya sai wani ya koma gida aljihu wayam. Adashinmu ma shaida ne: abin da kika zuba shi kike kwasa.

Sannan akwai lissafi. Faifan rulet na Turai gurbi 37 gare shi, daga 0 zuwa 36. Ki ɗauka mutum ya sa N100 a kowane gurbi, N3,700 ke nan. Dole ɗaya ya ci, amma N3,600 za a miƙo masa. Wannan N100 ta mai gida ce, komai natsuwar mai wasa. Ashe haƙurinsa ƙara masa zama kawai yake yi a inda ake yankarsa a hankali.

Shi ya sa aya ta 219 a Suratul Baƙara ba ta musanta ɗan amfanin caca ba, sai ta nuna zunubin ya rinjaye shi. Ayoyi na 90 da 91 a Ma'ida kuma suka haramta ta, suka ambaci gaba da shagala daga salla.

'Yar'uwa, hali kamar wuƙa ne, abin da aka yanka da ita ake tambaya. Haƙurin gaske shi ne haƙurin barin abin da rai ke so.

Yau cacar ta bar gindin bishiya ta shige waya. In kin gan ta a gidanki, kada ki tona asiri a tsakar gida. Ki sami maigida a keɓe, ki ce, "Natsuwar nan taka muna bukatarta a gona." In abin ya faskara, ki nemi babban da yake jin nauyinsa.

Allah Ya tsare mana gidajenmu, amin.