Ruwan Wikki da Bokitin Gidanmu

A Karare na tashi, inda idan rani ya tsananta bokiti ɗaya ake wanka da shi, a rage na alwala. Inna ba ta yarda a zubar da ko moɗa guda a banza.

Shi ya sa da na kwana a masaukin Wikki, cikin dajin Yankari a jihar Bauchi, zuciyata ta ƙi natsuwa. Ruwan Wikki garau yake, yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa digiri 31, rani da damina. Na shiga bayan asuba cikin sanyin hunturu, ina hango farin yashi tsakanin yatsun ƙafata. Na fi awa guda, ba janaba nake cirewa ba, ba datti ba. To wannan zaman ba almubazzaranci ba ne?

Malamanmu sun karantar da mu cewa ko a bakin kogi kake alwala, kada ka yi ɓarnar ruwa. Amma a nan ban rage wa kowa komai ba. Ruwan nan kogin Gaji yake tafiya, da ni ko ba ni. A Japan ma, a masaukansu na gargajiya masu ruwan zafi, sai baƙo ya cuɗa jikinsa tas kafin ya shiga, don hutu ne ya kai shi. Tuɓewarsu a gaban juna kam ba zan iya ba. Da wandona har ƙasan gwiwa na shiga Wikki.

Ina ganin hutun halas ne, jiki ma yana da hakkinsa. Abin da ya tsaya mini a rai Inna ce, wadda ta tsufa tana jan guga, ba ta taɓa zama cikin ruwa har wuya ba.