Wa Ke da Ruwan Kogin Kano?

Ruwan famfon da mazauna Gyaɗi-Gyaɗi da sauran unguwannin Tarauni ke jira, a matatun Tamburawa da Challawa ake tace shi, bayan an jawo shi daga kogunan Kano da Challawa, waɗanda ke haɗuwa a kudancin birnin Kano su zama Kogin Haɗejiya, ya ratsa Wudil da Ringim, ya bazu a fadamun Haɗejiya da Nguru, sannan ya nufi Tafkin Chadi. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kuma ƙara ta Challawa a Karaye a 1992, tafiyar wannan ruwa ta koma hannun hukuma, musamman Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are da aka kafa a 1976. Daga nan tsohuwar tambayar malaman fiƙihu ta sake tasowa: shin wanda ruwa ya fara bi ta ƙasarsa ya mallake shi?

Asalin hukunci shi ne mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta, kamar yadda hadisin Abu Dawuda ya tabbatar. Malamai sun bambanta ruwan da aka killace, wato wanda mutum ya ɗebo da guminsa ya zuba a mazubi, da ruwan kogi mai gudu. Na farko ana sayar da shi, don haka cinikin ɗan garuwar da ke tura jarkoki a lungunan Gyaɗi-Gyaɗi halas ne, na biyun kuwa ba shi da mai shi.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne tsakanin na sama da na ƙasa. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo hukuncin Annabi (SAW) game da wasu rafukan Madina, inda aka ba mai gonar sama damar tsare ruwa har ya kai idon sawu, daga nan ya sake shi ga na ƙasa. An ba shi gabaci, amma an ɗaure gabacin da buƙata. Madatsa kuwa tsarewa ce mai girman gaske, kuma duk da albarkar da ta kawo wa manoman shinkafa da tumatir na Kura da Kadawa, ta rage ambaliyar damina da masunta da makiyayan Nguru da Gashuwa suka dogara da ita, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama.

A wannan ma'auni mutumin Tarauni na sama ne, ko da famfonsa ya kwana biyu a bushe, abin da ke da wuyar karɓa ga wanda ke sayen ruwa kullum. Abin da ya sha ko ya yi alwala da shi haƙƙinsa ne, amma ruwan da ke tsiyaya daga fasasshen bututu a titin Zariya, daga rabon mutumin Gashuwa aka ɗebe shi.